Tsakanin Siffar Mota da Ƙafar Direba

Duk wanda ya taɓa hawa babur a titin Kano zuwa Zariya, tirela ta zo ta wuce shi a guje, ya san iska tana da jiki. Kafin kan motar ya iso sai ka ji an ture ka gefe kamar wani ya sa maka kafaɗa, da zarar gindinta ya gifta kuma sai ka ji ana janyo ka cikin titi. Abin da ya riƙa samun wani injiniya mai suna Edwin Saltzman ke nan a shekarar 1973, a hamadar Kalifoniya, yana kan kekensa zai je aiki. Wurin aikin nasa kuwa cibiyar gwajin jiragen sama ce ta hukumar NASA, wadda daga baya aka sa wa sunan Dryden, kuma sana'arsa ita ce auna yadda iska ke turje wa jirgi. Sai ya gane cewa iskar da ke jijjiga shi a gefen hanya ba a banza take motsi ba. Injin motar ne ke ƙona mai yana tura ta.

Wannan asara ta fi damun wata irin mota da ba mu cika gani a ƙasar Hausa ba, amma takan cika titunan Amurka da Turai da Ostireliya lokacin hutu, wato motar tafi-da-gidanka. Ɗaki ne sukutum a kan tayoyi, da gado da murhu da makewayi da tankin ruwa. Wata tana da injinta, direba a gaba iyali a baya. Wata kuwa tirela ce, a ɗaura ta a bayan akori-kura ko jif a ja. A Amurka yawancinsu a kewayen garin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. A Turai galibi a kan gangar Fiat Ducato ake ɗora ɗakin, kuma Ducato ta farko 'yar'uwar J5 ɗin Peugeot ce da muka sani a tashoshinmu, zubinsu ɗaya. Matsalar ko'ina iri ɗaya ce. Ɗakin da mutum zai miƙe tsaye a ciki dole ya yi tsayi da faɗi, abu mai tsayi da faɗi kuwa katanga ne, ga shi ana so a kutsa da katangar nan cikin iska da gudun kilomita ɗari a awa.

Hanya biyu ake da ita ta rage wannan wahala. Ko dai a gyara siffar katangar yadda iska za ta zame ta wuce, ko kuma direba ya ɗaga ƙafarsa daga totur. Masu irin waɗannan motoci sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi, kuma gardamar tana da daɗin bi, domin kowane ɓangare yana da lissafi a hannunsa.

Turjiyar iska ta rataya ne a kan abu huɗu: kaurin iskar kanta, faɗin ƙirjin motar, kyawun siffarta, da kuma gudu. Kaurin iska ba ya hannun kowa. Faɗin ƙirji da siffa suna biyan daidai abin da aka ba su: ka rage kashi goma, turjiya ta ragu da kashi goma. Gudu ne ke da wani hali na daban. In ka ninka shi sau biyu, turjiya za ta ninku sau huɗu, ƙarfin da injin zai fitar don ya karya ta kuma ya ninku sau takwas.

Mu ɗauki mota mai faɗin mita 2.5 da tsayin mita 3.2, ƙirjinta ya kama murabba'in mita takwas ke nan. Injiniyoyi suna ba kowace siffa maki, wanda ƙanƙantarsa ita ce kyawunsa. Faifan katako da aka tsayar a gaban iska makinsa ya haura ɗaya, ƙaramar motar zamani kuma tana wajen 0.3. Mu ba motarmu 0.7. A gudun kilomita 80 a awa, iska tana tura ta baya da nauyin da ya kai kilo 170, buhun siminti uku da ɗoriya. A gudun 100 nauyin ya zama kusan kilo 265, ya haura buhu biyar. A gudun 120 ya kai wajen kilo 380. Ƙarfin dokin da injin ke kashewa a kan iska kaɗai yana tashi daga kimanin 50 zuwa kusan 100, sannan zuwa kusan 170. Duk wannan ba a sa nauyin motar da gugar tayoyi da hawan tudu a ciki ba.

Masu goyon bayan ƙafa a nan suke kafa tutarsu, kuma suna da gaskiya. Wanda ya sauko daga gudun 110 zuwa 90 ya yanke kashi ɗaya cikin uku na turjiyar iska nan take, bai sayi komai ba, bai je wurin bakanike ba. Ba duka ragin ne zai fito a tanki ba, tunda iska ba ita kaɗai ke cin mai ba, amma in ta ɗauki rabin wahalar injin, wajen kashi ɗaya cikin shida na man ya tsira. Ga kuma riba ta biyu wadda ta fi mai tsada. Tirelar gida tana da wata muguwar ɗabi'a ta kaɗa wutsiya: iska ta buge ta ko direba ya ɗan kauce wa rami, sai ta fara lilo dama da hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi, har ta kai ga juya motar da ke janta. Gudu ne ke ciyar da wannan lilo. Shi ya sa ƙasashe da yawa suka ware wa mai jan tirela iyakarsa daban. A Birtaniya mil 60 ne a manyan tituna, 50 a ƙanana. A Jamus kilomita 80 ne, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa aka ba shi izinin 100. A Kalifoniya mil 55 ne, wajen kilomita 89. Tayoyin tirela da yawa ma a Amurka an daɗe ana ƙera su ne bisa iyakar mil 65.

To, amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma ƙarshen karin maganar nan shi ne kuɗin da ake biya. Tafiyar kilomita 500 a gudun 110 awa huɗu da rabi ce. A gudun 90 ta zama biyar da rabi. Awa guda ke nan cur, kuma wanda ya samu hutun mako ɗaya kacal a wurin aiki, ga yara a baya sun gaji, ga rana tana shirin faɗuwa bai isa masauki ba, wannan awa tana da nauyi a wurinsa. Haƙuri kuma ba ƙusa ba ne da za a buga sau ɗaya a huta. Dole a sabunta shi a kowane kilomita, kowace babbar mota ta sha gabanka sai zuciya ta raya maka ka ƙara.

Amurka ta gwada tilasta wa al'umma gaba ɗaya wannan haƙuri. Bayan ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun tsuke bakin famfo a watan Oktoba na 1973, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a wata doka a watan Janairu na 1974 wadda ta mayar da iyakar gudu mil 55 a duk faɗin ƙasar. Lissafin dokar daidai yake da wanda muka yi a sama. Mutane ne ba su bi ba. Direbobi da yawa suka ci gaba da gudunsu, masu manyan motoci suna sanar da juna ta rediyo inda 'yan sanda suka laɓe, man da aka tsirar kuma bai kai yadda aka yi fata ba. A 1987 aka sassauta zuwa mil 65 a manyan titunan karkara, a 1995 aka soke dokar gaba ɗaya. Dabarar da ta dogara da ƙafar ɗan Adam tana da rauni irin na ɗan Adam.

A daidai waɗancan shekaru ne Saltzman da abokan aikinsa suka bi ta ɗaya hanyar, kuma gwajin da suka yi shi ne abin da na fi so a duk wannan tarihi, saboda sauƙinsa. Suka samo wata tsohuwar ƙaramar bas, suka lulluɓe ta da fallayen alminiyam har ta zama akwati mai kusurwoyi masu kaifi, suka riƙa kiranta akwatin takalmi. Sai su tuƙa ta a doguwar hanya mai shimfiɗa, su cire giya, su bar ta tana gangarawa, su auna yadda gudunta ke raguwa. Daga nan suka fara lanƙwasa kusurwoyin, suna sake aunawa. Da suka gama lanƙwasa na tsaye da na kwance, turjiyar iska ta ragu da fiye da rabi, sararin cikin akwatin kuwa wajen kashi uku cikin ɗari kawai ya rasa.

Dalilin hakan yana da sauƙin ganewa ga wanda ya taɓa kallon ruwan sama yana gudu a kwata. Iska ba ta iya kwana mai kaifi. In ta bugi goshin akwati ta nufi gefe, sai ta zarce kusurwar ta bar jikin motar, ta yi wani babban kumburi na guguwa a saman rufi da gefuna. A idon iska, motar ta fi ainihin girmanta faɗi da tsayi. Amma in an lanƙwasa kusurwar, iskar sai ta manne da jiki ta bi kwanar kamar ruwa a bayan tulu. Ba sai an mayar da motar ƙwai ba. Lanƙwasa matsakaiciya ta wadatar, kuma bayan an kai wani mizani ƙarin lanƙwasawa ba ya ƙara wani abin kirki.

Jamusawa sun riga sun ga haka a kan wata mota da ta zama uwar motocin yawon hutu. Lokacin da Volkswagen ke shirin fitar da ƙaramar bas ɗinta, wadda aka fara sayarwa a 1950, samfurin farko makinsa 0.75 ne. Aka kai shi zauren gwajin iska na jami'ar fasaha ta Braunschweig, aka gyara goshin, aka raba gilashin gaba biyu aka ɗan karkatar da kowanne, makin ya sauko 0.44, ya ma fi na ƙaramar motar kamfanin mai kama da kunkuru kyau. Wannan bas ita ce kamfanin Westfalia ya riƙa mayarwa gidan tafiya, ita ce kuma Legas ta fara sani da sunan danfo. Wanda ya saye ta bai san an yi masa wannan aiki ba. Ya dai riƙa cin moriyarsa a kowace tafiya, ko yana da haƙuri ko ba shi da shi, kuma wannan ita ce babbar hujjar masu goyon bayan siffa: tun ran gini, tun ran zane. Gyaran da aka yi a masana'anta ba ya gajiya, ba ya mantuwa, ba ya jin haushin wanda ya sha gabansa.

A cikin tirelolin gida, sunan da kowa ke kawowa shi ne Airstream, waɗancan masu walƙiya kamar azurfa, masu zubin burodi. Asalin siffar daga masu ƙera jirgi ta fito. Hawley Bowlus, wanda ya jagoranci haɗa jirgin da Charles Lindbergh ya ƙetare tekun Atlantika da shi a 1927, shi ya fara ƙera tirela da alminiyam da ƙusoshi irin na jirgi a 1934. Wally Byam ya ɗauki fasalin, ya mayar da ƙofa gefe, ya fitar da Airstream Clipper a 1936. Byam mutum ne mai son nuna abin da kayansa za su iya: a 1959 ya jagoranci ayarin tirela 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira, suka ratsa Habasha da Sudan. Har yau ana haɗa su a garin Jackson Center na jihar Ohio. A Jamus ma wani maƙerin jirgi ne, Erich Bachem, ya haɗa kai da Erwin Hymer a ƙarshen shekarun 1950 suka fitar da Eriba, 'yar gajeruwa mai lanƙwasasshen goshi, wadda rufinta ke ɗagawa in an isa masauki, a kwantar da shi in za a tafi. Wannan dabara ta kama wani ɓangaren lissafin da ake yawan mantawa da shi. Siffa ba kyawun goshi kaɗai ba ce. Rage tsayi da rabin mita yana cire fiye da murabba'in mita ɗaya daga ƙirjin da iska ke bugu.

Da a ce labarin a nan ya tsaya, da ba a ga akwati ko ɗaya a titi ba. Amma akwatunan sun fi yawa nesa ba kusa ba, tun daga motocin Winnebago na shekarun 1960 masu goshi kamar an yanka da wuƙa. Masu sayensu kuma ba wawaye ba ne. Motar tafi-da-gidanka rabi mota ce rabi ɗaki, kuma abin da iska ke so ɗaki ba ya so. Bango mai lanƙwasa yana cinye wurin kabad na sama, dogon mutum yana sunkuyawa a kusa da taga, katifa da firji da ƙofar wanka duk masu kusurwa ne. Bango miƙaƙƙe kuwa ana manna shi a kwance a masana'anta cikin sauri da arha, sannan yana karɓar wannan ɗakin da ake zarowa daga gefe kamar aljihun tebur in an tsaya, wanda ke mayar da lungu falo. Jikin alminiyam mai dubban ƙusoshi aikin hannu ne, tsadarsa takan ninka ta akwati mai girmansa, ƙanƙara in ta faɗo kuma tana barin tabo a jikinsa.

Akwai kuma wurin da hatta masu kyawun goshi ba su cika taɓawa ba, wato baya. Janyowar nan da mai babur ke ji bayan tirela ta wuce alamar wani rami ne na iska da ke bin motar, inda matsin iska ya yi ƙasa, yana tsotsar ta baya. Da zarar an gyara goshi, wannan ramin ne ke zama babban ɓarawo. Maganinsa tsukakkiyar wutsiya ce irin ta kwalekwale, kuma tun shekarun 1930 Bajamushe Wunibald Kamm ya nuna cewa ba sai wutsiyar ta kai ƙarshe ba: a tsuke jikin a hankali sannan a datse shi, an samu mafi yawan ribar. Sai dai a motar gida bayan nan ne ake sa babban gado ko makewayi, a wajensa kuma a rataye tsani da safayar taya da kekunan yara. Ba mai son a tsuke masa ɗakin kwana.

Rufin ma kasuwa ce. Na'urar sanyaya ɗaki tana zaune kamar akwati, ga murafen shan iska, ga eriya, ga faifan sola, ga rumfar da aka naɗe a gefe. Ƙasan motar kuma tankuna ne da bututu da gatari, iska tana karo da kowanne. Mutum zai iya biyan kuɗin siffa mai kyau sannan ya ɓata ta da hannunsa. Wannan bai bar mu a baya ba. Bas ɗin da aka yi wa lodi a kariya, buhu kan buhu har tsayinta ya ƙaru da mita guda, ga tampol yana faɗi-tashi, ta ƙara wa kanta ƙirji ta kuma lalata siffarta lokaci guda, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 direban da ke yin haka yana ji a aljihunsa. Lodin da aka kwantar, aka fara shi ƙasa-ƙasa daga gaba, aka ɗaure tampol ɗinsa tam, ya fi wanda aka tsayar kamar katanga sauƙin ja.

Game da ƙananan kayan da ake sayarwa a liƙa bayan an sayi mota, ra'ayina ba shi da tsawo. Allon karkatar da iska da ake ɗorawa a rufin motar da ke ja yana aiki ne in yana kusa da goshin tirelar, kamar yadda hular kan babbar mota ke manne da akwatin da ke bayanta. In akwai tazarar mita biyu ko uku a tsakani, iskar da aka ɗaga za ta sake faɗowa cikin gibin ta bugi tirelar, an ƙara abin ja ba a rage komai ba. 'Yan ƙananan robobin da ake jerawa a gefen baya kuma, wasu direbobi suna cewa suna jin motar ta fi natsuwa, amma ragin man da za su kawo ƙanƙani ne har iskar yini ɗaya ta isa ta ɓoye shi. Zanen igiyoyin ruwa da ake yi wa jikin akwati da fenti ado ne kawai.

Iskar gari kanta tana da ta cewa, kuma ɓangaren siffa take ƙarfafawa. Abin da mota ke ji shi ne gudunta a cikin iska, ba gudunta a kan kwalta ba. Mai tafiya a 90 da ya fuskanci iska mai gudun 30 daidai yake da mai gudun 120 a rana mai lumana, turjiyarsa ta kusa ninkawa alhali ƙafarsa ba ta yi laifin komai ba. In kuma daga gefe ta zo, doguwar katangar akwati ta zama filafilan jirgin ruwa. A babban titin I-80 da ya ratsa jihar Wyoming, iska takan kifar da manyan motoci da tireloli har hukuma ta rufe hanyar ga dogaye marasa nauyi. Jiki mai lanƙwasa, gajere, yana barin wani kaso na wannan iska ya zame ta samansa. Rage gudu yana taimakawa a nan ma, amma akwai ranar da ba abin da ya rage wa mai akwati sai ya nemi wuri ya tsaya.

Abin da ya raba gardamar a wurina shi ne yawan tafiya. Darasin Saltzman ya fi kama jikin manyan motocin dakon kaya: Kenworth ta fitar da T600 mai gangararren hanci a 1985, daga baya aka zo da hula a kai da zani a gefen tirela da fikafikan wutsiya masu naɗewa. Dalili kuwa a fili yake. Mu ƙaddara babbar mota tana cin kilomita 150,000 a shekara, tana shan lita 35 a kowane ɗari. Lita 52,500 ke nan, kuma ko kashi biyar cikin ɗari aka rage an tsirar da fiye da lita 2,600. Ga shi direbanta ba shi da zaɓin yin sannu, kaya na jiran lokaci. Mu ƙaddara kuma motar gida tana yin kilomita 6,000 a shekara, tana shan lita 20 a ɗari. Lita 1,200 ne duka. Ko siffa ta rage mata kashi goma sha biyar, lita 180 ce, kuma shekaru masu yawa za a yi kafin wannan ya biya bambancin farashin jikin alminiyam. Sauran kwanakin shekara motar tana tsaye ne, a matsayin ɗaki ko a ajiye, inda siffa ba ta da aikin yi, faɗin ɗaki kuwa yana da shi. Mai ita kuma hutu ya fito, shi ne mutumin da ya fi kowa ikon ba da awa guda.

Saboda haka, ga wanda motarsa ta riga ta shigo hannu, ina tare da ƙafa ba tare da wata tantama ba. Ya sauke gudu, ya sauke tarkacen rufin da ba ya amfani da su, ya duba iskar tayoyinsa. Amma ba na yarda a tsaya a nan, domin tsayawa a nan yana sauke wa maƙera nauyin da yake nasu. Gwajin akwatin takalmi ya nuna cewa mafi girman ribar siffa tana cikin mafi arhar gyara. Ba a bukatar ƙusoshin jirgi kafin a lanƙwasa kusurwar goshi, a rufe ƙasan mota da fallen roba, a nutsar da na'urar sanyi cikin rufi. Kashi uku na ɗaki a madadin rabin turjiya ciniki ne da ba mai hankalin da zai ƙi, in an gaya masa. Mai saye yana shiga motar ne tana tsaye a filin dillali, yana buɗe kabad yana gwada gado, ba wanda ke nuna masa makin turjiyarta. Abin da ba a gani ranar ciniki shi ake fara yi wa rowa a masana'anta, kuma wannan yana ba ni haushi, don kuɗin gyaran kaɗan ne, wanda zai biya rashinsa kuma zai yi ta biya ne har motar ta tsufa. A Turai, inda mai ke da tsada, an ga sauyi: tsohon zubin nan mai ƙaton goshi da ke leƙowa saman direba don a samu gadon yara ya ja baya a kasuwa, masu sulɓin goshi sun ƙaru.

Yanzu kuma motar lantarki ta zo ta taɓa ma'aunin gaba ɗaya. Tankin fetur yana ɓoye zunubin iska, don in ya ƙare minti biyar ne a gidan mai. Batir ba ya ɓoyewa. Akori-kurar lantarki da aka ɗaura wa doguwar tirela mai zubin akwati takan rasa kusan rabin nisan da take iya zuwa, kuma a titi mai shimfiɗa iska ce ke cin mafi yawan wannan, fiye da nauyi. Shi ya sa sababbin maƙera suka koma kan siffa da gaske. Kamfanin Lightship, wanda tsofaffin ma'aikatan Tesla suka kafa, ya ƙera tirelar da rabinta na sama ke sauka ya rufe na ƙasa lokacin tafiya, ta zama gajeruwa mai tsukakken baya, in an isa a ɗaga ta ta koma ɗaki. Airstream ma ta nuna wani samfuri mai suna eStream a 2022, mai batir da injin da ke tura tayoyinsa don ya rage wa motar gaba wahala.

Awar nan da mai sannu ke asara ita ma ta canza gida. Mai jan tirela da lantarki in ya taka 110, batirinsa zai ƙare da wuri, ya tsaya caji sau uku a tafiyar da mai tafiya a 90 zai tsaya sau biyu. Kowace tsayawa tana iya cin rabin awa ko fiye, kuma yawancin wuraren caji an gina su ne don ƙaramar mota ta shiga da kai ko da baya, ba a bar wa mai tirela hanyar ratsawa ba. Sai ya nemi fili ya kwance tirelar, ya sa mata waigi, ya je ya yi caji, ya dawo ya sake ɗaurawa, ya duba fitilu da sarƙa da birki, sannan ya hau titi ya tarar wanda ya sha gabansa ɗazu ya yi masa nisa.